Sikanin a farkon ciki: abin da na'urar ke gani da abin da ba ta iya yankewa

Sikanin ya zama ruwan dare a garuruwanmu, amma har yanzu kan mutane bai haɗu a kan lokacin yinsa da amfaninsa ba. Wata da zarar ta ga ɓatan wata sai ta garzaya ɗakin hoto, a ce mata ba a ga komai ba, ta koma gida hankali a tashe. Wata ba za ta leƙa ba sai ciki ya shiga wata na bakwai, shi ma don a gaya mata mace ce ko namiji. Akwai mai zuwa duk wata, akwai kuma wadda maigida ya hana saboda ya ji an ce hasken na'urar yana taɓa yaro.

A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta ƙa'idojin awon ciki. Ta ɗaga yawan zuwa awo daga sau 4 zuwa sau 8, na farko kafin ciki ya wuce mako 12, sannan ta ba da shawarar a yi wa kowace mai ciki sikanin sau ɗaya kafin mako 24. Ta sake duba hujjojin a 2022, ta kuma tsaya a kan maganarta. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne wannan "sau ɗaya" ɗin. In hoton yana da amfani, me ya sa ba a ce a yawaita ba? In kuma ba shi da shi, me ya sa aka matsa a yi da wuri?

## Mene ne sikanin, kuma mene ne "farkon ciki"?

Sikanin, wanda wasu ke kira hoton ciki, a Nijar kuma a ce eko, ba haske yake amfani da shi ba, sauti ne. Kan na'urar da ake gogawa a mara yana tura wani sauti da ya fi ƙarfin kunnen ɗan Adam. Kunnenmu ba ya jin abin da ya haura karkarwa 20,000 a daƙiƙa, ita kuwa na'urar tana aiki da miliyoyi. Sautin yana shiga jiki, ya bugi tsoka ko ƙashi, ya dawo, kamar yadda muryar mutum ke dawo masa in ya yi kira a bakin rijiya. Daga lokacin da amsar ta ɗauka kafin ta dawo da kuma ƙarfinta, kwamfuta ke zana hoto: ruwa ya fito baƙi, ƙashi ya fito fari. Man nan mai sanyi da yauƙi da ake shafawa aikinsa korar iskar da ke tsakanin fata da na'ura, domin iska tana tare sautin. Ke nan hanyarsa daban da ta hoton ƙashi, wanda shi ne ake kaffa-kaffa da shi ga mai ciki.

A birnin Glasgow na Birtaniya aka fara wannan aiki a fannin mata. Wani likita, Ian Donald, da abokin aikinsa John MacVicar da wani injiniya, Tom Brown, sun wallafa sakamakonsu a 1958, bayan sun aro dabarar daga na'urar da ake gano tsagewar ƙarfe da ita a masana'antu.

Hanya biyu ake bi. Akwai ta kan mara, wadda a ƙaramin ciki ake cewa mace ta sha ruwa ta riƙe fitsari, saboda cikakkiyar mafitsara tana ba sauti hanya zuwa mahaifa. Akwai kuma ta gaba, inda ake sa siririyar na'ura mai sabuwar riga ta roba. Wannan ta biyun ta fi kusa da mahaifa, don haka takan riga ta kan mara ganin abu da kamar mako guda. Mata da yawa ba sa sonta saboda kunya ko tsoron ɓari. Ba ta jawo ɓari, kuma mace tana da haƙƙin a yi mata bayani tukuna, ta nemi mace ta yi mata ko ta tsaya a ɗakin, ko ma ta ce ba ta yarda ba.

Shi kuwa farkon ciki, a lissafin asibiti, daga farawa ne zuwa ƙarshen mako 13. Amma asibiti ba daga ranar da ciki ya shiga yake ƙirga ba, daga ranar farko ta al'adar ƙarshe yake farawa. Saboda haka cikin da aka rubuta "mako 6" bai wuce kamar mako 4 da shiga ba. Wannan bambanci na mako biyu ya sha haddasa zargi a gidajen aure, musamman ga amare da matan da mazajensu ke tafiye-tafiye, alhali tsarin ƙirga ne kawai.

## Tambayoyin da yake amsawa

A ina cikin yake? Wannan ita ce tambayar da ke iya zama ta rai da mutuwa. Ciki 1 zuwa 2 cikin kowane 100 yana zama a wajen mahaifa, galibi a bututun da ƙwai ke bi. Bututun ba zai iya ɗaukar ɗan tayi mai girma ba, sai ya fashe, jini ya zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. In an gano da wuri, wani lokaci allura ta wadatar, ko a yi tiyata cikin natsuwa. In an makara, sai neman jini da gaggawa. Wadda ta taɓa yin irin wannan ciki, ko aka taɓa yi mata aiki a bututu, ko ta sha fama da ciwon sanyi mai tsanani, ita ce ta fi buƙatar a duba ta tun mako 6 zuwa 7.

Yana raye? Ta hanyar gaba akan fara ganin 'yar jakar ciki a wajen mako 5, bugun zuciya kuma a wajen mako 6. Ɗaya ne ko tagwaye? In tagwaye ne, kafin mako 14 aka fi iya tantance ko mabiyiya ɗaya suke rabawa ko kowa da tasa, kuma masu raba ɗaya sun fi buƙatar sa ido. Daga baya wannan tantancewar takan yi wuya.

Sai tambaya ta huɗu, wadda mutane suka fi rainawa, likitoci kuma suka fi ba muhimmanci: kwanansa nawa?

## Me ya sa ƙirgen kwana ya zama babbar magana?

A makonnin farko, 'yan tayi kusan girmansu ɗaya, ko uwar doguwa ce ko gajera, ko tana cin mai kyau ko ba ta samu. Don haka in aka auna tsawon ɗan tayi daga tsakar kai zuwa mazauni, awon da ake rubutawa da haruffan CRL a takardar sakamako, za a san kwanakin ciki da kuskuren da bai wuce kwana 5 zuwa 7 ba. Daga nan kowane yaro sai ya kama irin girmansa. A tsakiyar ciki kuskuren kan kai kwana 10 zuwa mako 2, a watannin ƙarshe kuwa har mako 3 gaba ko baya. Shi ya sa mace kan tara takardu uku daga wurare uku, kowace da ranar haihuwarta daban. Ƙa'idar ita ce a riƙe ranar da sikanin farko ya bayar, ba a canza ta saboda na baya. Ranar ma kanta hasashe ce: jariran da ke zuwa daidai a kanta ba su kai 5 cikin 100 ba.

A wurinmu dogaro da al'adar ƙarshe yana da rauni na musamman. Ungozoma ta tambaya, "Hajiya, yaushe rabonki da al'ada?" Amsa ta zo, "Wallahi tun kafin azumi dai." Wata kwanika ta yi, cikin ya shiga tana shayarwa ba ta ma ga jini ba tun haihuwar baya. Wata ta daina allurar tazara ne, al'adarta ba ta daidaita ba.

Rashin sanin kwanan ciki yana shafar kusan duk shawarar da za a yanke daga baya. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba masu ciki sai daga mako 13 ake fara shi. In ciki ya kai mako 41 akan ba da shawarar tayar da naƙuda. In ƙirgen ya karkace, sai a tayar wa cikin da bai isa ba, ko a bar wanda ya wuce. In hawan jini ya tsananta ana tsoron jijjiga, likita yana auna ko a ciro yaro yanzu ko a ɗan jinkirta, kuma ma'auninsa makonni ne.

Misali mafi fitowa fili shi ne allurar da ake yi wa uwa don huhun bakwaini ya nuna kafin ya fito. Wani babban bincike da aka wallafa a 2015, wanda aka yi a ƙasashe 6 masu ƙaramin ƙarfi ba tare da tabbataccen ƙirgen kwana ba, ya gano cewa yaɗa allurar bai rage mutuwar bakwaini ba, mutuwar jarirai ma ɗan ƙaruwa ta yi, kuma da yawa daga matan da aka yi wa ba bakwaini suka haifa ba. Wani binciken na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fito a 2020, wanda asibitocin Najeriya ke ciki, ya tabbatar da kwanan ciki da sikanin kafin a yi allurar, kuma a nan ta rage mutuwar jarirai. Akwai wasu bambance-bambance tsakanin binciken biyu, kamar ingancin kula da jarirai, amma sanin kwanan ciki yana cikin sharuɗɗan da hukumar ta gindaya wa allurar.

## "Ba a ga komai ba"

A nan ne sikanin farko ya fi cutar da mutane in ba a fahimce shi ba. Mace ta yi gwajin fitsari ya nuna ciki, ta je hoto, aka ce mahaifa babu komai, ko akwai jaka babu yaro, ko akwai yaro babu bugun zuciya. Wannan yana iya nufin ɗayan abu uku: cikin lafiya lau yake amma ya yi ƙanƙanta, ko ya lalace, ko yana wajen mahaifa. Sau da yawa hoto ɗaya ba ya iya bambance su.

Likitoci ma sun daɗe suna gyara ma'auninsu a kan wannan. A 2011 wasu bincike a Ingila suka nuna cewa ƙa'idar da ake bi a lokacin tana iya sa a yanke wa ciki mai rai hukuncin ya mutu, sai aka tsaurara ta. Yanzu, ta hanyar gaba, ba a cewa ciki ya lalace sai ɗan tayi ya kai milimita 7 babu bugun zuciya, ko jakar ta kai milimita 25 babu ɗan tayi a ciki. In bai kai haka ba, a jira aƙalla kwana 7 a sake. In ta kan mara aka yi, wadda ita ce aka fi yi a wurarenmu, jiran mako 2 ne. Inda ba a ga cikin ba sam, akan haɗa da gwajin jini sau biyu, kwana 2 tsakani, a ga ko sinadarin ciki yana hawa ko yana sauka.

Ma'anar wannan ga mace a bayyane take. In ba jini take zubarwa sosai ba, babu zazzaɓi, babu ciwo mai tsanani, bai kamata a yi mata wankin ciki ko a ba ta maganin fitar da shi bisa hoto ɗaya na mako 5 ko 6 ba. Jiran yana da ɗaci, amma ba ya cutar da ita, wankin kuwa ba a mayar da shi baya. Akasin haka ma gaskiya ne: in akwai ciwo a gefe ɗaya na mara, jiri, suma, ko ciwo a kan kafaɗa, ba a jiran ranar komawa, asibiti ake nufa nan take ko da tsakar dare ne.

Yana da kyau a san cewa kusan ciki 15 cikin 100 da aka tabbatar yana ƙarewa da ɓari, mafi yawa a watanni ukun farko, kuma wajen rabinsu saboda tangarɗa ce a ƙwayoyin halittar ɗan tayin tun ranar da ya haɗu. Sikanin yana nuna ɓarin ne kawai, ba ya jawo shi, ba ya kuma hana shi. Amma da yake mata kan je hoto ne bayan sun ga ɗigon jini, in cikin ya zube washegari sai laifin ya faɗa kan na'ura.

Akwai kuma maganar kwantaccen ciki, wadda ta daɗe a ƙasar Hausa, har littattafan fiƙihun Malikiyya sun tattauna zaman ciki na shekara 4 ko 5. Wannan muhawara ce ta malamai. Abin da sikanin kan tarar a irin waɗannan mata shi ne cikin da ya mutu bai fita ba, ko ƙari a mahaifa, ko al'ada ce ta ɗauke saboda wani dalili, kuma kowannensu da maganinsa.

## A yi wa kowa, ko sai mai matsala?

Babu saɓani a kan mace mai zubar jini ko ciwo. Saɓanin yana kan mai lafiya.

Masu cewa a yi wa kowa suna kafa hujja da abin da bincike ya nuna a kai a kai: sikanin kafin mako 24 yana rage tayar da naƙuda bisa zaton ciki ya wuce, yana gano tagwaye da wuri, yana kuma ƙara gano manyan nakasu. Sun ƙara da cewa ganin bugun zuciya yana kwantar wa uwa hankali, yana jawo uba cikin lamarin.

Masu taka-tsantsan suna cewa duk wannan gaskiya ne, amma ina raguwar mace-mace? Wani bincike a Amurka a 1993 a kan mata sama da 15,000 marasa matsala bai ga bambanci a lafiyar jarirai ba tsakanin waɗanda aka yi wa sikanin na ƙa'ida da waɗanda aka yi wa sai da dalili. Wanda ya fi kusa da halinmu shi ne na 2018, a karkarar Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, Kenya, Zambiya, Guatemala da Pakistan. An horar da ma'aikata, an kai na'urori ƙananan asibitoci, an yi wa mata hoto sau biyu. Zuwa awo bai ƙaru ba, haihuwa a asibiti ba ta ƙaru ba, mutuwar uwa da jariri ba ta ragu ba. Fassarar da masana da yawa suka yi ita ce gano matsala bai isa ba in babu motar kai mace babban asibiti, babu jini, babu mai tiyata. A ganinsu, kuɗin da ke hannu in kaɗan ne, awon hawan jini da gwajin jini da ungozoma ƙwararriya sun fi na'ura gaggawa.

Matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya tsakiya ya bi. Ba ta ce sikanin yana rage mace-mace ba. Ta ce a yi ɗaya kafin mako 24 saboda amfanin da aka tabbatar, kuma wadda ta riga ta yi ba ta buƙatar wani bayan mako 24 sai da dalili. A ƙasashe irin su Ingila biyu ake yi: ɗaya wajen mako 12 don ƙirge da gwajin wasu larurori, ɗaya wajen mako 20 don duba gaɓoɓi. Hoton mako 8 ba zai nuna lafiyar zuciya ko ƙoda ko laka ba, domin ba su gama bayyana ba, kuma ko na mako 20 ba ya kama komai da komai. Wadda hoto ɗaya kawai za ta iya biya, kuma ba ta da wata matsala, sai ta tattauna da mai yi mata awo a kan lokacin da ya fi dacewa, tunda na wuri ya fi a ƙirge, na tsakiya ya fi a duba halitta.

## Batun illa, da batun mace ko namiji

An shafe sama da shekara 60 ana amfani da sikanin, kuma ba a tabbatar da wata illa ga uwa ko jariri ba in an yi shi yadda ya kamata. Duk da haka sauti makamashi ne, yana iya ɗan ɗumama nama. Saboda haka ƙa'idar masu aikin ita ce mafi ƙarancin ƙarfi, mafi ƙarancin lokaci, kuma sai da dalili. Nau'in da ake kira dofla, wanda ke fito da ƙarar bugun zuciya da launin gudanar jini, ya fi ƙarfi, ba a so a riƙa kunna shi a watanni ukun farko don kawai a jiyar da iyaye. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta daɗe tana gargaɗi a kan hoton da ake yi don ajiye tarihi kawai.

Jinsi kuwa ba aikin farkon ciki ba ne. A mako 12 al'aurar namiji da ta mace sun yi kama sosai, duk wanda ya faɗa a lokacin rabin maganarsa cinta ce. Daga mako 18 zuwa 20 ake iya gani da ƙarfin gwiwa, shi ma in yaro ya kwanta daidai, kuma ana kuskure. A Indiya abin ya kai ga zubar da cikin 'ya'ya mata, har aka kafa doka a 1994 da ta haramta faɗin jinsi kafin haihuwa.

## Abin da wannan ke nufi ga iyali

Babbar matsalarmu makara ce. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 67 cikin 100 na mata sun ga ƙwararren ma'aikaci a awo, amma kashi 18 kawai suka fara a watanni ukun farko, kashi 39 kuma suka haihu a asibiti. Dalilan sanannu ne: kunyar cikin fari, tsoron baki, jiran izinin maigida, kuɗin mota, da tunanin cewa awo sai ciki ya fito. Mace da ta fara zuwa a wata na shida ta riga ta wuce lokacin da hoton ya fi amfani, ko da za ta yi sau biyar daga baya. Kuɗin da ake kashewa a hoton wata-wata da an karkatar da shi ga gwajin jini, maganin ƙarin jini da tanadin ranar haihuwa, da ya fi yi wa gida aiki.

Sai ingancin hannun da ke riƙe da na'urar. Na'ura ɗaya, mutum biyu, sakamako biyu. A Najeriya likitoci da masu ɗaukar hoton asibiti kowa da hukumar da ke yi masa rajista, amma ɗakunan hoto sun yi yawa, ba kowanne ne ido ke kaiwa ba. Takardar sakamako mai kyau ta farkon ciki za ta faɗi inda cikin yake, yawan 'yan tayi, ko akwai bugun zuciya, awon da aka yi da milimita, makonnin ciki, ranar da ake sa ran haihuwa, da sunan wanda ya yi. Takardar ba ta mai hoto ba ce kuma ba ta ajiya a ƙasan akwati ba ce: a kai wa mai awo ya karanta, a haɗa ta da katin awo, a riƙe ta har ɗakin haihuwa.

Yanzu an fara samun ƙananan na'urori da ake jonawa da waya, masu aiki da batir, kuma ana horar da ungozomomi a ƙasashen Afirka da dama su yi ainihin awon da kansu. An kuma gwada manhajar da ke ƙiyasta kwanan ciki bayan ma'aikaci mai ɗan horo ya goga na'ura a kan ciki, a Zambiya da Amurka, sakamakon ya yi kusa da na ƙwararru. Wannan zai iya kai ƙirgen kwana ƙauyukan da ba su taɓa ganin mai hoto ba. Sauran aikin yana wuyan gwamnatocin jihohi: horo da sa ido a kan masu yi, gyaran na'ura in ta lalace, da hanyar da ungozomar da ta ga ciki a wajen mahaifa za ta kai matar ɗakin tiyata a ranar.